Irmiya Kafinta, Wanda Ya Kware Rufin Gidansa

Haihuwa da Karatu

An haifi Irmiya Bako a garin Zonkwa a shekarar 1919. Mahaifinsa Bako manomi ne, mahaifiyarsa Asabe kuwa sana'ar daddawa take yi. Ya yi aji huɗu a makarantar mishan, daga nan ya koyi kafintanci.

Aiki da Aure

A shekarar 1946 ya iso Kaduna, ya kama aiki a ma'aikatar ayyuka, a shekarar 1948 kuma ya auri Rahila Yohanna. Shekara goma sha ɗaya suna tsimi kafin su rufe gidansu na Unguwar Shanu da kwano, abin da Rahila take alfahari da shi fiye da komai.

Ranar Baikon Godiya

Babban ɗansu Markus ya tafi yaƙin basasa, labarinsa ya yanke, har aka yi zaman makokinsa. Kwatsam, a watan Yunin 1971, sai ga shi ya dawo da sanda yana ɗingishi. Bisa al'adar ikilisiyarsu, wanda Allah ya yi wa alheri yakan fito da iyalinsa ranar Lahadi, su taka rawa zuwa gaban bagadi da akuya ko buhun dawa. Ranar Asabar, Rahila tana kasuwa, Irmiya ya hau tsani ya kware kwanon gidansa kakaf, damina tsaka, domin majami'arsu rufin ciyawa gare ta, tana yoyo.

Washegari Lahadi, da ya shigo da 'ya'yansa ɗauke da kwano a ka, sai masu kiɗa suka saki ganga, kowa a majami'a ya riƙe baki. Dattawa suka ruɗe, domin a ƙa'idarsu abin da ya isa gaban bagadi ba ya komawa gida. Rahila ta fashe da kuka a bainar jama'a. Shi kuwa gogan naka cewa ya yi Wanda ya dawo masa da ɗa daga kabari ba zai kwana cikin yoyo ba. Maƙwabcinsu Malam Tukur ne ya ba iyalin ɗaki har kaka.

Shekarun Ƙarshe

A shekarar 1972 'yan ikilisiya suka yi karo-karo, kowane gida falle ɗaya, suka kawo masa. Abin mamaki ba ya ƙarewa! Kafin mako ya zagayo, ya rufe ɗakin wata gwauruwa a Mando da kwanon. Aka sake a 1974, ya sake. Daga nan kowa ya sallama, Rahila ta ci gaba da jera kwanukan miya tana tarar ruwa a ƙarƙashin ciyawa da tamfol.

Rasuwa

Ya rasu da ciwon haƙarƙari ranar 9 ga Agustan 1977, yana da shekara hamsin da takwas. Da aka zo ɗaukarsa, Rahila ta tare ƙofa, ta ce yanzu da ba shi da hannun da zai ɓamɓare, gawarsa ba za ta fita ba sai an rufe gidan da kwano. Nan take 'yan ikilisiya suka sake haɗo kwano, maza suka hau sama da guduma, mata suna miƙa kwano suna kuka, kafin la'asar aka gama. Sa'a ɗaya ya kwanta a ƙarƙashin sabon rufin, sannan aka kai shi makabarta.

Ya bar matarsa Rahila da 'ya'ya biyar: Markus, Damaris, Ayuba, Jummai da Barnabas.