Riɗinmu da Ya Ruɓe a Bakin Teku

Ni ce ke kula da siton yayana a Bukan Sidi, cikin garin Lafiya. Shi yana bin ƙauyuka yana sayen riɗi, ni kuma ina tsaye kan matan da ke tankaɗe shi, su sheƙe, su tsince tsakuwa da hannu. Aiki ne mai cin ido da gadon baya. Da tsabtar hannun matan nan Yaya ya samu wani kamfanin matsar mai a ƙasar waje ya yarda ya riƙa saye daga wurinmu kai tsaye, ba dillali a tsakani. Kafin su amince sai da ya yi shekaru yana aika musu samfuri suna dawo masa da ƙorafi.

A shekarar da nake magana, riɗin ya yi kyau, fari tas. Muka loda tirela zuwa Legas, aka zuba a kwantena, muka koma jiran labarin tashin jirgin ruwa.

Ina cikin auna wani sabon kaya da hantsi Yaya ya kira ni daga Legas.

"Jirgi ya tafi ya bar kayanmu," in ji shi.

"Kamar yaya, Yaya? Ba an gama komai ba?"

"Wai wasu sun kutsa cikin kwamfutocin kamfanin jiragen sun kulle su, sun ce ba su buɗewa sai an biya su. Yanzu kamfanin bai san wace kwantena ce ta wa ba, balle inda za ta."

Na ɗauka abin kwana biyu ne. Makonni suka yi ta wucewa. Ruwan Legas ya daki kwantenar, rana ta gasa ta, ƙarfen ya yi ta zufa a kan buhunanmu. Yaya yana zarya tsakanin ofisoshi, kowa na ce masa ya yi haƙuri.

Babbar cikin matanmu wata dattijuwa ce 'yar Kwandere, muna ce mata Iya. Da ta ga na daina cin abinci a sito, ta zaunar da ni.

"Ɓarawon nan, buhu nawa ya ɗauka?"

"Ko ɗaya, Iya."

"To wane gari yake? A je a same shi."

"Ba wanda ya sani. Wataƙila ma bai taɓa jin sunan Lafiya ba."

Ta yi tsaki ta tofar da yawu. Ni ma abin da ke ci na ke nan. Ɓarawon da ya haura katanga ya san gidan wa ya shiga, in an kama shi za ka ga idonsa ka zage shi. Wannan kuwa yana zaune cikin sanyin ɗaki, ya danna abin da ya danna, ya tashi ya ci abincinsa. Bai san Iya ta tsinci tsakuwar riɗin nan har idonta ya yi ja ba. Allah ya isa tsakaninmu da shi.

Kuma ba shi kaɗai nake jin haushi ba. Da kwamfutocin suka dawo, sai kamfanin jiragen ya fara da manyan 'yan kasuwa masu kwantena rututu. Mu masu guda ɗaya muka koma ƙarshen layi. Ko mutum ɗaya bai kira Yaya ya ba shi haƙuri da bakinsa ba.

Da kayan suka isa, masu sayen suka buɗe suka ji warin fumfuna. Suka ƙi karɓa. Ba su musa cewa laifin ba namu ba ne, amma injinansu ba sa jira, sun riga sun koma saye a wata ƙasa.

Yaya ya dawo a rame, hawan jini ya kama shi. Wani maƙwabci da ya zo gaishe shi ya ce ai ƙaddara ce. Na ce masa na yarda da ƙaddara, amma wannan da hannu mutum ya aikata ta, ya bar ni in yi fushina.

Da kaka ta zagayo matan suka zo da faifayensu kamar kullum. Ni na tsaya a bakin ƙofa na gaya musu babu aiki bana. Yanzu Yaya dillalan da ya gudu daga hannunsu yake sayar wa riɗi ba gyara, sito kuma mai siminti ne ya kama haya.