Yaya Rabi Mai Waya, Wadda Ta Jiyar da Inna Muryar Lawal

Yaya Rabi ta rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsugune a tsakar gida ina ɗauraye kofunan shayi. Maƙwabciyata Hanne ce ta leƙo ta katanga, ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Malama Binta, kin ji Mai Waya ta cika?" Na ce wace Mai Waya? Alhali duk unguwarmu mutum ɗaya ake kira da sunan nan. Bakina ne kawai ya tambaya, zuciyata ta riga ta gane.

An kai ta tun da hantsi. Yanzu la'asar ta wuce, amma har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Ku yi haƙuri in rubutun ya zo a hargitse.

Da yawanku ba ku san ta ba. Ba 'yar'uwata ba ce ta jini, zama ne ya haɗa mu har na koma ce mata Yaya. 'Yar asalin garin Babban Mutum ce, aure ya kawo ta Daura, mijin ya rasu ya bar ta a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a bayan layinmu. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Karatun bokonta bai wuce firamare ba.

Amma in kina da mutum a wata ƙasa, kuma kina son jin muryarsa ba tare da kati ya ƙare a gaisuwa ba, gidanta za a nuna miki.

Waya biyu gare ta. Babba mai tsagaggen gilashi, ta kiran intanet. Sai ƙarama mai madannai, an ɗaure bayanta da roba, layin Nijar ke ciki. Lambobin ƙasashe kuwa a kanta suke kamar sunayen jikokinta. Ki miƙa mata 'yar takarda da lamba, ta kalla sau ɗaya ta ce, "Wannan ta Saudiyya ce, cire sifirin farkon nan." Ta san lokacin da ya dace a kira kowace ƙasa. Ta san suna gabanmu da awa biyu a Makka, don haka ba ta bari a kira mutum yana tsakiyar aiki. Ta ma san kusurwar gidanta da sabis ya fi ƙarfi, wajen randar ruwa, ta ajiye kujera 'yar tsugunno a wurin.

Mata ne suka fi zuwa. Wadda mijinta ke aikatau a Jidda. Wadda ɗanta ke bin mota zuwa Agadas. Tsohuwar da ta aurar da 'yarta Damagaram ba ta iya zama a mota ta je.

Takan yi mana tsiya, ta ce, "Ku dai gaisuwarku ta fi saƙonku tsawo. Faɗi abin da ya kawo ki tukuna, ina gajiya da ina iyali su biyo baya in layi bai yanke ba."

Wani halinta da ba zan manta ba: da zarar kira ya shiga, sai ta tashi ta koma bakin murhu ta ba ka baya. Mata sun yi kuka a kan kujerar nan, sun yi faɗa da mazajensu, sun roƙi abin da ba za su roƙa a gaban kowa ba. Ban taɓa jin magana ɗaya ta fita daga gidan ba.

Ni kuma abin da ta yi mana, ban san ta inda zan fara ba.

Ƙanena Lawal, magini ne, shi ne autan Inna, mahaifiyarmu. Shekarun baya ya bi abokansa Libiya neman aiki. Da farko yana kira jefi-jefi, sai kuma shiru. Wata ya bi wata. Lambar da ya bar mana in na kira, wata mata ce ke magana da Larabci, kafin in gane me take cewa katin ya tafi. Na yi ta loda kati ina kira har na daina gaya wa maigidana.

Inna tana da hawan jini. Ta rage cin abinci. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai ta ɗaga kai. Aka fara kawo mata jita-jita, wani ya ce an kama su, wani ya ce motarsu ta lalace a sahara. Na dawo daga makaranta wata rana na same ta ta fito da rigar Lawal tana ninkewa tana warwarewa.

A ranar na je wurin Yaya Rabi, ina shiga na fashe da kuka.

Ta bari na yi mai isata. Sannan ta ce, "Binta, share fuskarki. Ba a neman ɓataccen mutum daga nesa, daga kusa ake farawa. Wa ya ɗauke su daga Agadas?"

Ban sani ba. Ta ce in je in tambayo a gidajen abokan tafiyarsa. Da ƙyar na samo lambar wani direba mutumin Nijar. Na ce to mu kira. Ta ce a'a, in muka kira da layinmu kuɗi zai ci na banza, kuma irin mutanen nan ba su cika ɗaukar baƙuwar lamba ta waje ba. A Babban Mutum kuwa, ta ce, da yake bakin iyaka ne, akwai wani tudu a gonar yayanta inda sabis ɗin Nijar ke shigowa sosai, kira daga nan kamar kana cikin ƙasar ne.

Ranar Asabar ta rufe kaskon suyarta, muka hau mota zuwa Babban Mutum.

Damina ce, gero ya kai ƙugu. Ina ganin ta yanzu, tsaye a kan tudun nan, ta tattare hijabi, ta ɗaga ƙaramar wayar sama tana juyawa a hankali. Direban bai ɗauka ba. Muka jira har azahar, muka dawo hannu rabbana.

Sati na gaba muka koma. Ya ɗauka, ya ce yana hanya, mu sake nemansa.

A zuwa na uku na ce mata ta bari, na gaji, kuma ina jin kunyar yadda nake hana ta sana'a. Ta harare ni ta ce, "Gyaɗa za ta jira. Inna ce ban san ko za ta jira ba."

A wannan zuwan ne direban ya tuna su. Ya ce ya sauke su a garin Sabha, cikin Libiya, kuma akwai wani mai shago Bahaushe da 'yan Daura ke taruwa wurinsa. Ya karanto lambar, Yaya Rabi ba ta da biro, ta tsuguna ta rubuta a ƙasa da tsinke.

Mai shagon yana da intanet. Ta tura masa saƙon murya, ta faɗi sunan Lawal da na mahaifinmu da unguwarmu. Bayan kwana biyu amsa ta zo. Lawal yana nan da rai. An ƙwace masa waya ne, ya yi doguwar jinya, kuma kunya ta hana shi neman gida tunda bai tara komai ba.

Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Inna ba ta iya takawa zuwa gidan Yaya Rabi a lokacin, don haka ita ta zo da babbar wayar, ta cika ta da caji tun safe. Ɗakin Inna babu sabis. Muka kamo ta muka zaunar a bakin ƙofa. Kiran ya shiga ya yanke, ya shiga ya yanke. Yaya Rabi ta kashe hoton, ta ce murya kaɗai ta fi tafiya in sabis ba ƙarfi. Sai ga shi tar kamar yana zaure.

"Inna."

Inna ta riƙe wayar da hannu biyu. Duk maganganun da ta tara wata da watanni, ba ta faɗi ko ɗaya ba. Cewa kawai take, "Lawal, kana cin abinci? Kana cin abinci?" Shi yana kuka yana cewa ta yafe masa. Ta ce, "Ni ba ka yi min komai ba. Allah ya yi maka albarka."

Na waiwaya in ga Yaya Rabi, ashe tuni ta fice zaure.

Inna ba ta ga ƙarshen kakar wannan shekarar ba. Lawal bai samu dawowa ya gan ta ba, har yau ma yana can. Amma ta tafi ta san ɗanta na raye, shi kuma ya ji albarkar nan da kunnensa. Da na kai wa Yaya Rabi atamfa don godiya, ta karɓa ta sa albarka, bayan sati biyu na gan ta a jikin wata marainiya da aka yi wa aure a layinsu.

Bayan nan ta zaunar da ni ta koya min komai, don kada in riƙa dogara da ita. Yadda zan sayi data maimakon kati. Yadda zan fara tura saƙo a tsayar da lokaci kafin in kira. Ta ce, "Ke da kike koyar da 'ya'yan mutane, ai abin kunya ne mai ƙuli-ƙuli ta fi ki."

Ganina da ita na ƙarshe ranar Talatar da ta wuce ne.

Na biyo ta ƙofar gidanta daga makaranta, ina sauri. Na leƙa na same ta zaune a tabarma ta jingina da bango, ta rame, tana tari. Duk da haka tana riƙe da yatsan wata tsohuwa tana nuna mata yadda ake danne wurin ɗaukar murya. Tana ce mata, "Kada ki saki, Iya, sai kin gama. In kin saki ya tafi."

Na ce Yaya jikin ne? Ta ce mura ce kawai. Ta ce in shigo in zauna. Na ce yara na jira na, zan dawo Asabar in kai ta asibiti da kaina.

Har na juya ta kira ni. Ta ce, "Yaushe rabonki da Lawal?" Na ce an kwana biyu, ba wani labari ne shi ya sa. Ta ce, "Ki riƙa kiransa ko ba labari. Mutumin da ke nesa ba labari yake jira ba."

Asabar ta zo, baƙi suka cika min gida, ban je ba. Na ce gobe. Goben ma ban je ba.

Wannan ne ke cin raina tun safe.

Da na isa gidan yau, mata sun cika tsakar gida, ana ta tambayar wa zai gaya wa Abdullahi. Shi ne ɗanta tilo, yana aikin shago a Madina, shekara huɗu bai zo ba saboda takardunsa. Sai Hanne ta ɗauko babbar wayar daga ƙarƙashin matashin Yaya Rabi ta sa min a hannu.

Na zauna a kujerar nan ta wajen randa. Na kira.

Ya ɗauka da fara'arsa, ya ce, "Umma, yau da wuri haka?"

Na ce Abdullahi, Binta ce. Sai layi ya yanke.

Na sake kira bai shiga ba. Na sake. Minti kusan biyar ina fama, na san yana can yana kallon waya, ya riga ya fara zargi. Da ya shiga bai bari na yi magana ba. Ya ce, "Anti Binta, ta rasu ko?" Na ce sai haƙuri. Na ji yana ta maimaita innalillahi, muryarsa na ɗaukewa tana dawowa.

Ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada in kashe. In bar shi a kan layi har a fita da ita.

Haka na tsaya a bakin zaure da waya a hannu, na ɗaga ta sama. Maza suka shigo suka ɗauki makara. Ba abin da ake ji sai takun ƙafa da salati ƙasa-ƙasa, sai kukan mata a bayana. Da suka sha kwana na kai wayar kunne na ce sun tafi da ita.

Ya ce, "Na ji." Ni dai ban kashe ba, har shi ya kashe.

Ya Allah, ga baiwarka Rabi ta zo gare ka. Ka san zumuncin da ta sada, ka san asirin da ta rufe, ka san hawayen da ta share wa bayinka ba ta nemi a gode mata ba. Ka gafarta mata kurakuranta, ka sanyaya makwancinta, ka yalwata mata kabari, ka sa can ta fi mata nan. Ka haɗa ta da Innata a Aljannar Firdausi. Ka ba Abdullahi haƙuri a inda yake shi kaɗai, ba mai dafa masa kafaɗa. Ni kuma ka yafe min jinkirin da na yi.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka wuce haka. Ko ba ka san ta ba, ka karanta mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ka ambaci sunanta a sujadarka ta magariba. Rabi'atu sunanta.

Allah ya sa mu cika da imani.