Surukina da Kyaftin Mai Gashin Baki

Duk faɗin London, daga Woolwich har inda tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ke gajiya ta tsaya, babu bakin da ya kama ƙafar nawa wajen ba da labari. Na taɓa fara wa wani ɗan Zariya labari a cikin jirgin ƙasa, bai farga ba sai da muka wuce tasharsa, muka wuce tawa, direba ya zo ya roƙe mu mu sauka. To likitocin garin nan da karatunsu da fararen rigunansu sun kasa zaunar da surukina wuri ɗaya. Ni na zaunar da shi, da bakina da wani kwali na tsofaffin mujallu.

Baba, wato mahaifin uwargidana, ya zo daga Kano ne don aikin ido. Yanar ido ce ta rufe masa duka biyun. Aka yi na hagu, bai ba da abin kirki ba sai haske-haske da inuwar mutane, domin dama ya daɗe da rauni. Likita ya ce na dama shi ne abin sa rai, amma ba zai taɓa shi ba sai sukarin Baba ya sauka, wannan kuwa sai an yi haƙuri. Baba ya ce shi haƙurinsa tun a filin jirgi aka ƙwace masa tare da kilishinsa. Ya haɗa jakarsa. Kullum da safe sai ya sa hula, ya zauna a bakin gado, hannu ɗaya a kan jakar, ya ce a yi masa booking ya koma gida. Mun san in ya tafi ba zai sake hawa jirgi ba, idon dama kuma ya tafi ke nan. Uwargida ita ce 'yarsa ta fari, ko sunanta ba ya kamawa, balle ta tsaya jayayya da shi. Sai ta shige kicin ta kunna famfo don kada a ji kukanta.

Ni kuwa surukuta ta ɗaure min harshe. A Kano in ka hango suruki sai ka canza layi. A flat ɗinmu layin ɗaya ne, shi ne hanyar banɗaki. In muka yi kiciɓis sai in durƙusa in gaishe shi, in manne da bango kamar kalanda har ya wuce.

Mujallun na same su ne wata Asabar a kasuwar Woolwich, wurin wani tsohon Bature mai kwashe kayan gidajen da masu su suka rasu. Na farkon ƙarnin da ya wuce ne, tun kafin yaƙin duniya na farko, takardar ta yi launin shayi. Niyyata in jera su a falo baƙi su ɗauka gidan masana suka shigo. Wata rana da la'asar ina buɗawa na ci karo da wata talla, dariya ta ƙwace min. Sai na ji muryar Baba daga ɗakinsa.

"Malam, me ake wa dariya a garin da ba rana?"

Na je bakin ƙofa na durƙusa. Na ce, "Baba, tallar wata ƙwaya ce ta Turawan da. Wai tana maganin sanƙo, da ciwon baya, da kasala, da saurin fushi, duk a kwalba ɗaya."

Can ya ce, "Ashe su ma suna da masu maganin bakin kasuwa. To ina lasifikarsu? Shigo ka zauna. Me kuma suka ce?"

Tun daga ranar, kowace la'asar ina zaune a ƙasa kusa da ƙofa ina fassara masa. Waɗannan mujallu kamar kasuwar Kurmi suke, babu abin da babu. Ga bayanin yadda mai gida zai murza gashin bakinsa da kakin zuma har ya miƙe kamar ƙahon sa. Ga wani masani yana rantsuwa cewa jirgin sama abin wasa ne, ba zai taɓa ɗaukar mutum da kayansa ba. Baba ya ce a nemo jikokinsa a ba su labari. Ga shawara ga matan aure kan fitar da tabon miya daga zanen tebur. Ga wasan ƙwaƙwalwa, ga hotunan sarakunansu da karnukansu, ga tallar keke, ga wasiƙun masu karatu suna ƙorafin cewa yaran zamani ba su da ladabi. Har da wani matafiyi da ya ce ya ratsa ƙasarmu a kan doki, zakoki na gaishe shi a kowace kwana. Baba ya ce, "Wannan ko ɗan'uwanka ne?" Akwai kuma tallar wata rigar ciki da matansu ke matse ƙugu da ita. Wannan shafin nakan haɗa shi da na gaba in juya da sauri.

Sai muka iso kan labari mai dogon zango, irin wanda suke yankewa a daidai inda ran mutum ya tsaya, su ce a nemi fitowa ta gaba. Wani kyaftin ne na jirgin ruwa, mai gashin baki, da 'yar wani attajiri mai masaƙa. Na fara da ƙarfina, ina yin muryar iska da ta igiyar ruwa. Ban kai ƙasan shafi ba na gane inda aka dosa. Kyaftin ya kama hannun yarinya a lambu, ya matso, marubucin kuma ya zage ya kwashe layi kusan goma yana bayanin abin da ya biyo baya.

Jama'a, ni a gaban surukina! Wani tari ya taso min tun daga ƙafa. Da ya lafa na ce, "Sai... sai suka gaisa, Baba."

"Suka gaisa. To shi wane ne a wurinta?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Yayanta ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Baba ya ce, "Madalla da zumunci. Ci gaba."

Na shiga uku a nan, amma na ƙudura ba zan ja da baya ba, don tun ranar farko da muka fara labarin Baba bai ambaci booking ba. Aikin ya zama kamar ɗinkin tsohuwar riga, ka toshe nan can ya ɓarke. Attajirin ya kori kyaftin daga gidansa, na ce ai fushi yake da ɗansa don ya tafi teku ba da izini ba. Kyaftin ya hau katanga da furanni a hannu, na ce ganyen magani ya kawo wa ƙanwarsa, tana fama da mura. Yarinya ta suma da ta ji jirginsa ya nutse, wannan kam ya zo min da sauƙi. Amma duk inda suka haɗu sai tarin nan ya zo, sai su gaisa. Ban taɓa ganin 'yan'uwa masu yawan gaisuwa irin waɗannan ba. A lambu su gaisa, a tashar jirgi su gaisa, a bayan labule su gaisa.

Uwargida ta tare ni a kicin ta ce, "Abban yara, wai me kake karanta wa Baba ne kake fitowa jiƙe da gumi kamar ka yi dambe?"

Na ce, "Ke dai duba ɗakinsa ki gaya min ina jakar take."

Jakar tana ƙarƙashin gado. Baba ya ce ba inda za shi sai ya ji ƙarshen yaran nan. Ya fara shan shayi ba sukari, yana cin dafaffen ganyen da a da yake cewa a kai wa akuya. Sukari ya fara sauka. Aka ba mu appointment, wato ranar aikin idon dama.

Sai kwalin ya ƙare, labari bai ƙare ba. Fitowar ƙarshe da nake da ita ta bar kyaftin a kan wani katako a tsakiyar teku, yarinya kuma a bakin taga. Ranar aiki da sauran tafiya. Na yi ta jan lokaci da tallar sabulu da yadda ake kiwon zuma. Baba ya saurara ya saurara, rannan ya ce, "Malam, in ruwa ya ci yaron nan ka faɗa min, ni ba yaro ba ne. Yarinyar nan ta jawo min jakata." 'Yarsa yake nufi.

Da na ƙirƙiro ƙarshen da kaina, amma Baba yakan karɓi mujallar ya shafa bangonta, ya sansana, ya san wadda muka gama da wadda ba mu taɓa ba. Sabuwar takarda yake so ya ji a hannunsa. Na ɗauki hutu a wurin aiki. Na koma wa tsohon Baturen kasuwa, ya ɗaga kafaɗa ya ce abin da ya samu ke nan. Na hau tube zuwa Bloomsbury, inda shagunan tsofaffin littattafai suke. Na shiga wannan na fita wancan. Na sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ko ɓera sai da fitila yake shiga. Na shaƙi ƙurar da ta girmi kakana, na yi atishawar da ta kusa rushe wani kanti. Gwiwoyina suka yi ta kai ƙarata. Ruwan sama ya dake ni har lemata ta juya ta koma kwando. Wata mai shago ta tambaye ni ko bincike nake a jami'a, na ce mata a'a, wani mutum na bari a teku.

A wani lungu, wata tsohuwa mai kyanwa a kan teburi ta saurare ni har ƙarshe, ta hau tsani, ta sauko da wani ƙaton kundi, fitowar rabin shekara an ɗinke wuri ɗaya. Na buɗe. An ceto kyaftin, alhamdu lillahi. Na juya shafin ƙarshe, sai ga hoto cike da shafi: ƙofar coci, yarinya cikin farar riga, kyaftin da gashin bakinsa ya rungume ta kamar za a ƙwace masa.

Da na nuna wa uwargida a gida ta toshe baki. Ta ce, "Yayan nata? Ka yage shafin nan tun wuri."

Na ce, "Haba, mai ilimi ba ya yaga littafi. Kuma Baba gani yake yi?"

Ta juya ta ci gaba da yanka albasa.

Na raba abin da ya rage ƙanana-ƙanana, kamar mai rabon nama a gidan yawa, har ya kai mu jajibirin aiki. A ranar na yi bajintar da ban taɓa yi ba. Na sa attajiri ya yafe wa ɗansa. Na fito da wani mutumin kirki daga wani gari, mai sana'a da natsuwa, ya nemi auren yarinya. Kyaftin ya tsaya a matsayin waliyyi ya ba da ƙanwarsa, aka yi addu'a aka watse. Tari ya zo sau ɗaya, na danne shi da ruwa. Baba ya ce, "Allah Ya ba su zaman lafiya." Washegari ya sa hularsa da kansa muka tafi asibiti.

Aiki ya yi kyau. Da aka cire bandeji Baba ya kalli 'yarsa, ya kawar da kai don kunya, ya ce wa bango, "An rame." Ni kuwa duk wanda ya zo dubiya sai na ja shi gefe na ba shi labarin yadda na yi abin da ya gagari likitoci.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga aiki da la'asar, na tarar da Baba a falo kusa da taga, sabon tabarau a hancinsa, kundin nan buɗe a cinyarsa. Daga inda nake tsaye ina hango farar rigar. Na durƙusa na gaishe shi, ina neman bangon da zan manne.

Ya ce, "Malam, matso. Wannan mai gashin bakin shi ne waliyyin?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

"To ina angon?"

"Ina jin... ina jin yana daga bayan mai ɗaukar hoto, Baba."

"Ikon Allah. Turawan da akwai riƙon zumunci." Ya lashi yatsa ya juya baya, shafi bayan shafi, yana tsayawa a kan kowane hoto. "Nan ma gaisawa suke?"

Tarin ya taso. Uwargida na jin ta a kicin ta ƙure famfo, amma wannan karon ba kuka take ɓoyewa ba. Na tattaro sauran ƙarfina na ce, "Ai dai Baba, labarin ya yi amfani, tunda daɗinsa ya sa kuka zauna har aka yi aikin."

Ya rufe kundin, ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

Ya ce, "Wane daɗi? Tun a lambu na gane masoya ne, ni ma na yi ƙuruciya. Tarin nan naka na zauna saurare, in ji ko zai kashe ka kafin a ɗaura auren."