Goron Da Ban Kai Wa Mushe Siddo Ba

Ranar Alhamis 14 ga Agusta, 2025, da hantsi, ina ofishin jaridarmu a Yamai, ƙanena Hashimu ya kira ni daga Gaya ya ce malaminmu Mushe Siddo ya rasu. Mu a Nijar, "Mushe" muke ce wa malamin boko. Ya cika a gidansa na bayan tashar motoci yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar kwana tara. An yi masa sutura bayan la'asar. Ruwan sama ya tsare motarmu a Doso, na iso an riga an dawo daga maƙabarta. Na Allah muke, kuma wurinsa kowannenmu zai koma.

Mushe, shekara talatin da uku ka yi kana koyar da Angile, wato Ingilishi, a lise, babbar sakandaren Gaya. Ni na shiga ajinka a 1993. A lokacin kana da wani akwatin ƙarfe da wani Ba'amirke ɗan aikin sa kai ya bar maka da zai koma ƙasarsu, cike da tsofaffin littattafan labaran Amirka, wasu gara ta cinye musu gefe. Mu sittin ne a aji, littafin da ya fi yawa kwafi shida ne. Sai ka tsaya bakin taga ka karanta shafi guda da Angile, ka rufe, ka sake faɗa mana shi da Hausa. In ka ga ƴan Tunuga sun yi zuru, ka ƙara da yarensu, Dandanci. Haka muka san gonakin auduga da bulala, da kasuwar da ake sayar da uwa dabam ɗa dabam, da yaran da suka tashi cikin wannan duniya suna zaton haka Allah ya yi ta.

Wata Asabar ka kai mu bakin Kwara. Kwale-kwale na ta ƙetare da buhunan albasa, ana hango hayaƙin Malanbil a ɗaya gaɓar. Ka ce a Amirka an yi zamanin da mutum yake dukiyar wani a wannan gefen kogi, in ya ƙetare ya zama mai kansa. Wani ɗan ajinmu, zuciya ta ɗebe shi, ya ce, "Mushe, Allah ya tsine wa Turawa!" Ka yi dariya ka ce, "Kai dai tsinuwa ba ta ba ka wahala. Je ka kawo mini shafi biyu kan maƙwabtan mai gonar, waɗanda ba su taɓa dukan kowa ba. Me suke yi da ranarsu?" Ya kawo rabin shafi. Ka ba shi takwas bisa ashirin, ka saya masa rake.

Ɗakin zaurenka bai taɓa zama ba kowa ba. Ƴan makarantar da suka zo daga Yelu da ƙauyukan kwarin dallol, waɗanda ba su da masauki a gari, nan suke zama, matarka Inna Safi tana ƙara gari a tukunya ba ta tambayar ɗan wane ne. Labarina na farko da aka buga a jarida, ka yanko shi ka aiko mini a ambulan, ka zagaye kalma goma sha ɗaya da jan biro. A ƙasa ka rubuta: "Ya yi kyau. Rage ado." Har yau in na rubuta jimla ta yi tsawo, sai in ji kamar kana tsaye a bayana.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan, domin ta'aziyyar da ta tsallake shi ba gaskiya ba ce.

A 2006 aka yi sunan ɗana na fari a gidanmu na Tanda. Ka zo a kan ɗan babur ɗinka mobilet da farar riga. Mahaifinmu ya riga ya rasu, Baba Yakuba, wansa, shi ne babban gida. Ya tambaye ka ɗan wane ne kai, ka faɗa, ya tambayi kakanka, ka faɗa. Sai ya tafa hannu da murna ya ce, "Ashe namu ne! Kakanka a hannun kakana ya tashi. Kai, yara, ku naɗe wa malam wuyan ragon!" A gidanmu, wuyan ragon suna rabon zuriyar waɗanda kakanninmu suka mallaka ne. Duk wanda ke kan tabarmar nan ya san haka. Ka miƙa hannu biyu ka karɓa, ka yi godiya, ka ɗaure ƙunshin a bayan mobilet. Ina tsaye da butar shayi a hannu. Wata uku kafin ranar na buga dogon rahoto kan ragowar bauta a arewacin ƙasarmu, har aka yaba mini. Amma a ranar, shayi kawai na ci gaba da zubawa.

Bayan mako biyu na zo gidanka da niyyar ba da haƙuri, na kasa samun bakin farawa. Kai ka taimake ni. Ka ce, "Rabi'u, Safi ta dafa shi da yakuwa, ya yi daɗi. Baffanka bai yi nufin zagina ba. Kyauta ya yi mini da zuciya ɗaya, kuma abin da ya sa ta fi ciwo ke nan." Daga nan ka koma zancen shinkafar fadama da ruwa ya ci. Ba ka sake tayar da maganar ba.

Shekara biyu da suka wuce, Hashimu ya ce yana son Mansura, autarka, wadda take aikin ungozoma a gari. Ita ma tana son sa. Baba Yakuba ya ce goron neman aure ba zai fita daga gidanmu zuwa gidanka ba, ko da ransa ko ba ransa. Hashimu ya zo maka shi kaɗai da abokansa biyu. Ka zaunar da su, ka ba su ruwa, ka ce, "Ɗana, ba ni da abin ƙi a kanka. Amma Mansura ba za ta shiga gidanku a ɓoye ba. Wani babba daga dangin mahaifinka ya ɗauko goro da rana tsaka, ya zauna a nan ya roƙa, kamar yadda ake roƙon ƴar kowa." Bayan Baba Yakuba, babban da ya rage ni ne. Hashimu ya kira ni sau da yawa. Kullum ina ce masa a yi haƙuri, tsoho zai sauko, kada a raba gida. Na iya tsara irin wannan magana, aikina ne.

Ganinmu na ƙarshe a watan Yuni ne. Na same ka a gindin mangwaron tsakar gida, ƙafafunka sun kumbura, tabarau a ƙirji. Mun yi hirar rufe gadar kan iyaka, da yadda masu kwale-kwale suka zama su ne duwan masu karɓar kuɗin fito, su ne direbobi. Ka tambaye ni ko yarana na karatu, ko waya ta cinye su. Mansura ta kawo mini fura, ta gaishe ni da ladabi, ba ta ɗaga ido ba. Da zan tafi ka riƙe hannuna ya ɗan jima. Na san abin da kake jira in ce. Na ce sai na dawo bayan damina.

Ranar sadakar uku zaurenka ya kasa ɗaukar jama'a, aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Na ga likitoci da direbobin manyan motoci, da wata mata da ta zo daga Kamba ta ce kai ka je har ƙauyensu da keke ka dawo da ita ta rubuta jarrabawa. Baba Yakuba ma ya zo da sandarsa, ya yi maka addu'a mai tsawo, kuma na yarda har zuciyarsa ya yi ta. Da aka shafa fatiha na raka shi bakin mota, na ce masa idan Inna Safi ta fita takaba zan ɗauki goro in kai wa ƙanenka, wanda yanzu shi ne waliyyin Mansura. Ya dube ni ya ce, "In ka kai, kada ka ƙara zama a tabarmata." Na ce na ji, Baba.

Na koma cikin gida na faɗa wa Mansura. Tana zaune kusa da mahaifiyarta, tasbaha a hannu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Yaya Rabi'u, babana ne ya so ya gani. Ni yanzu sai na yi tunani." Ba ni da ikon gaggauta ta. Zan kai goron da rana tsaka, yadda ka ce. Karɓa ko mayarwa, wannan nata ne da danginta. Na rubuta shi a nan da sunana domin duk Gaya ta zama shaida, kada in sake samun wata jimlar da zan ɓuya a bayanta.

Ya Allah, ga bawanka Siddo ya zo maka, kai kaɗai ya yarda ya zama bawanka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa abin da ya koyar ya zama haske gare shi, ka saukar da shi a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Safi, da Mansura da yayyenta, da ƴan'uwansa na Tunuga, da dubban ɗaliban da suka zauna a gabansa. Allah ya ba ku haƙuri da dangana.

Mushe, ka yafe mini. Na fahimci darasin tun ina ɗan aji, aikin ne na makara.