Talotalon da Ya Hana Nehemiya Zuwa Gida

Sunana Yari, okada, wato acaɓa, nake ja a Agege, kuma ɗaki ɗaya muke haya da Nehemiya, mutumin Kagoro. Ya girme ni sosai, don haka Baba nake ce masa idan ina jin yunwa, Oga Kuku idan na ƙoshi. Kuku ne a gidan wata Madam a Ikeja. Tun da soja suka koma bariki mijinta ya tsunduma siyasa, gidan ba ya rabo da baƙi, shi kuma Nehemiya ba ya rabo da murhu.

Matarsa Salama ta haifi 'ya mace a gida, bai taɓa ganin 'yar ba sai a hoto. Ya sayo mata jajayen takalma ya ɗora a kan jakar tafiyarsa. Duk sanda ya nemi izini, amsar Madam ɗaya ce: "In ka tafi wa zai dafa wa Oga?"

Kirsimetin dubu biyu da ɗaya aka gasa talotalo, baƙi suka ci suka bar tulin nama. Nehemiya ya dawo ɗaki baki har kunne.

"Yari, na samo hanya."

"Ta Kagoro ko ta gidan mahaukata?"

"Rufe baki ka ji, ɗan banza."

Washegari a kicin ɗin Madam ya zare naman daga ƙashi, ya dafa ƙashin ya yi romo mai kauri, ya yanka dankali da karas da albasa, ya zuba duka a farantai masu murfi ya jera a firiza. Wanda ya ji yunwa sai ya ciro ɗaya ya ɗumama.

"Ko kai ma za ka iya," in ji shi.

Na ce ya daina raina ni, sai da na leƙa sakandare kafin ta kore ni.

Madam ta ɗanɗana, ta lumshe ido, ta ce bayan sabuwar shekara ya tafi. Nehemiya ya goge riga, ya yi aski, har mai shayin layinmu ya yi wa sallama. Na ce ni zan kai shi tashar Iddo, in dai ba zai yi min waƙar coci a kunne ba.

Ashe Madam ta kai faranti ɗaya taron matan 'yan siyasa. Lokacin ta sayi sabuwar wayar hannu, wayar kuwa ta shiga ruri.

Ranar tafiya muka biya Ikeja don ya miƙa makullin kicin. A ƙofar gida muka tarar ana sauke wata firiza, wadda ni da babur ɗina za mu kwanta ciki har mu juya.

"Nehemiya, hannunka akwai albarka!" in ji Madam. "Ƙawayena duk suna so. Cika min wannan, sai ka tafi."

"Madam, yarinyata…"

"Yarinya guduwa za ta yi?"

Na zuba ido in ga ya jefar da makullin. Amma daga kicin ɗin nan Salama da 'yar suke ci, ya sani, Madam ma ta sani.

"To, Madam."

Maimakon Iddo, kasuwa na kai shi sayen talotalo, jakarsa a ɗaure a bayan babur.

Firizar nan ba ta cika. Abin da ya jera da safe, direbobin ƙawaye sun kwashe kafin la'asar. Ista ta zo ta wuce. Sai ga saƙo daga Salama ta bakin wani direban mota, wai yarinya ta fara takawa. Nehemiya ya ɗauki jajayen takalman ya auna a tafin hannunsa, ya fita. Ya dawo da wasu da suka fi su girma, ya jera kusa da na farko a kan jakar.

"Baba, shagon takalma za ka buɗe?"

Bai yi dariya ba. Ya kwanta ya juya wa jakar baya.

"Gobe da wuri za ka kai ni Ikeja. Akwai dankalin da ban fere ba."