Furfurar Farko a Gidanmu

A gidanmu na Gwandu maza ba sa furfura, don ba sa kaiwa lokacinta. Kakana a gonar gero ya faɗi. Baba kuwa yana ɗaure buhun albasa ya dafe ƙirji, shi ke nan. Da baƙin gashinsu aka kai su makwanci. Namiji ɗaya ya rage mana, ƙanena, kuma kullum gabana faɗuwa yake a kansa.

Inna tana da nata bayanin: rama ce ke cinye su. Dukkansu sirara ne kamar karan dawa. Saboda haka ta ɗaura yaƙi da rama, makaminta man shanu. A tuwo, a shinkafa, har kunu bai tsira ba. Ƙanena ya sha mai har ya gode Allah, bai ƙara ko tsoka ba. Sai wasu ɗige-ɗige masu ruwan ɗorawa da suka fito masa a fatar ido, irin na Baba. Inna ta ce tambarin gida ne, har alfahari take yi.

Wata rana ya zo wurina a Kalgo, inda nake aure. Yana sauka daga babur ya zauna a dakali, gumi na zuba, hannu a ƙirji. Na san wannan zaman. Ban tsaya neman mayafin kirki ba, maigidana ya kwashe mu sai asibitin birni.

Likitar ta fi daɗewa a kan fatar idonsa fiye da ƙirjin. Da sakamakon jini ya fito ta ce akwai wani sinadari mai kwashe kitse daga hanyoyin jini, mu kuwa ɗan kaɗan muka gada daga cikinsa, sai kitsen ya taru ya toshe hanyar zuciya.

"Kitse, likita?" na ce. "Dube shi fa."

"Ba a jiki yake ba, Hajiya, a jini yake. Kun zo da wuri."

Wallahi sai na ji kamar an sauke mini dutse. Ashe abin yana da suna, har da magani.

Inna ce ta ba mu aiki. Da muka ce a daina man shanu, sai ta ce, "To mi za ni ba shi?" Ta koma wake da kifi da zogale, tana dafawa tana mita. Shi kuma ƙwaya kullum, ba fashi, ni ce 'yar sandansa ta waya.

Shekaru sun tafi. Bara na je gida, na tarar matarsa tana tsokanarsa, wai ya fara tsufa, za ta sayo masa baƙin rini. Inna ta jawo haɓarsa wajen haske. Furfura ce, 'yar kaɗan, a gefen gemu.

"Kada ki taɓa mani ita," ta ce. "Tun da ni zo gidan ga nika jiran ta."