Taka, Riƙe, Kada Ki Saki

Mijina, wanda duk layinmu ke kira Direba, ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa masu haƙar rijiya cikin daji. Da ya ajiye aiki suka bar masa tsohuwar motar jif ɗin da yake kai su da ita, kuma tun daga ranar bai yarda wani bakanike ya ɗora mata hannu ba. Wai duk ɓarayin noti ne. Tsakar gidanmu ta zama gareji, bahon wankina ya koma na wanke boris ɗin ƙafar mota, zannuwana biyu sun ƙare a goge giris. Na yi faɗa har bakina ya gaji.

Shi dai yana da ƙa'ida guda da yake wa kowa wa'azi da ita, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba: ba a kwance ƙafar mota biyu lokaci ɗaya. Ka kwance ɗaya, ka bar ɗayar kana leƙawa, don sifirin ɗin birki sun fi ƙwaƙwalwar mutum wayo.

A tsakiyar damina ƙanena ya bugo waya ya ce jikin Inna ya yi tsanani, sunana kawai take kira. Ruwa ya cinye hanyar garinmu, motocin haya sun daina shiga, in ba jif ba babu mai wucewa. Ita kuwa jif ƙafar baya na kuka, birki ya yi laushi. Direba ya ce ba zai ɗauke ni a kan mataccen boris ba, in ba shi wuni ɗaya.

Don ya yi mini sauri, sai ya kwance ƙafafun bayan duka biyu. Shi da bakinsa!

Boris ya shiga lafiya. Da aka zo mayar da takalman birki, ido ya raina fata. Ya juya sifirin sama, ya juya ƙasa, babu ɓangaren da zai duba. Na ce a kira bakanike, ya yi kamar da bango nake magana. Kwana uku jakata na bakin ƙofa, motar na kan bulo ta toshe mana hanya, ko shanya sai na raɓa ta gefe. Na tsane shi a kwanakin nan, wallahi, kuma na ji tausayinsa, don ko abinci a tsugune yake ci a gindin motar.

Rana ta huɗu da hantsi komai ya zauna, saura fitar da iska daga birki. Wannan aikin mutum biyu ne, kuma kullum ni ce ta biyun. Na hau kujerar direba, shi ya kwanta a ƙarƙashi da sufana. In na ɗaga ƙafa daga birki kafin ya ɗaure noti, iska ta koma, sai a sake daga farko.

"Taka. Taka. Riƙe, kada ki saki."

Ina riƙe wayata ta yi ƙara a cinyata. Ƙanena ne. Ya yi sallama, sannan ya ce, "Yaya, ku taho a hankali. Ba sauri yanzu."

Ban yi kuka ba tukuna. Ƙafata na kan birki, na danne iya ƙarfina, ina jin sufana na ƙwanƙwasa a ƙasa.

"Yauwa, ya kama," in ji shi, murya cike da murna. "Saki, uwargida. Ɗauko jakarki."